Motar da Za Ta Kai Mu Wurin Leandro

Mun yi kusan shekara babu mota a gidanmu. A-kori-kurar mijina Eloy tana can bayan ofishin 'yan sanda, gabanta a lotse, kuma babu wanda ya je ya tambaye ta a cikinmu. Ɗanmu Leandro ne ya fita da ita. Shi kaɗai Allah ya ba mu. Ya kwana yana shan giya a bikin wani abokinsa, da gari ya waye ya kamo hanyar gida, ya buge wata mata mai suna Nadine Trujillo tana tsallaka titi za ta wurin aiki. Kafin a kai ta asibiti ta cika. Alƙali ya yanke masa shekara tara, aka kai shi wani gidan yari can kudu, inda babu komai sai rijiyoyin mai da iska.

Eloy bai taɓa cewa ya daina tuƙi ba. Ya dai daina. Ni da ƙafa nake zuwa kicin ɗin makarantar firamare inda nake dafa wa yara abinci, cefane kuwa maƙwabciya nake bi. Mun koma zuwa coci da sassafe, domin mahaifiyar Nadine ta hantsi take zuwa. Mutane suna gaishe mu, muna amsawa. Ina dafa wake, muna ci, ina wanke kwanuka. Idan aka tambaye ni yadda nake sai in ce lafiya, kuma ba ƙarya nake yi ba, don babu inda ke mini ciwo.

Sau biyu Fidel, yayan Eloy, ya kai ni na ga Leandro. Eloy bai bi mu ba. Fidel mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa, kuma a zuwa na biyu na ga yadda yake dafe ƙugu duk inda muka tsaya. Da muka dawo matarsa ta kira ni ta yi ta kewaye-kewaye a kan bayansa da abin da likita ya ce. Na ce mata na gane.

Wata safiya Eloy yana shan kofi ya ce, "Tsohuwa, mota za mu saya. Mai lantarki."

Na ce to.

Ya kawo dalilansa ko da yake ban tambaya ba. Muna da sola a kan rufi, rana kuma ba ta ƙarewa a garin nan, ga shi ba ruwanka da juyen baƙin mai. Bai faɗi ɗayan dalilin ba. Gidan mai ɗaya ne a garinmu, kuma ƙanen Nadine ne ke zaune a wurin karɓar kuɗi.

Daga ranar sai aka samu abin magana a gidan. Eloy zai zauna da waya a hannu, tabarau a kan hanci, yana karanto mini. Wannan tana cin mil kaza kafin batir ya ƙare. Waccan ta fi ta nisa amma tana daɗewa a wurin caji. Sanyi yana rage ƙarfin batir, gudu ma haka, hawan tudu ma haka. Daga ƙofarmu zuwa wurin Leandro mil ɗari uku ne da ɗoriya, kuma idan ka wuce birnin Santa Fe ka yanki kudu, wurin caji mai sauri guda ɗaya ne a tsakiya, a wani ɗan gari da bai fi layi biyu ba. Duk lissafinsa a kan wannan garin yake. Bai taɓa cewa "gidan yari" ba. "Can" yake cewa. Motar da za ta kai can, ta jira a fili, ta dawo.

Da Fidel ya ji labari sai ga shi da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya. "Ashe firji mai taya za ka saya? In ya mutu maka a dokar daji wa za ka kira, mai gyaran rediyo?"

A da, da sun kai azahar suna wannan, Eloy yana zagin tsohuwar motar Fidel mai hayaƙi, Fidel yana tuna masa ranar da ya faɗa rami da tarakta. Ranar dai Eloy ya ce masa, "Zauna ka sha kofi." Fidel ya zauna, dariyar ta tsaya masa a fuska, ya rasa inda zai ajiye ta. A ƙarshe shi ne ya ce zai kai mu Santa Fe mu duba.

Wurin farko da muka shiga, wani mai fara'a da yawa ne ya tare mu. Ya riƙe hannun Eloy ya daɗe bai saki ba. Ya tambaye mu ko muna yawan tafiye-tafiye, ko masu zuwa kamun kifi ne mu, ko muna da kare. Eloy ya ce muna da tafiya mai nisa duk bayan mako biyu.

"Jikoki ke nan," in ji mutumin. "Na san irinku, ba a raba ku da jikoki."

Na ce masa e.

Ya ɗauke mu a wata farar mota, shi yana tuƙi, Eloy a gefensa, ni a baya. Ban san lokacin da ya tayar da ita ba, sai dai na ga gine-gine suna wucewa. Ya nuna mana allon da ke nuna sauran caji, da taswirar da ke faɗa maka inda za ka tsaya, da kujerar da ke ɗumama kanta. Eloy yana gyaɗa kai. Can ya tambaya, tunda ba ta da ƙara, yaya mai tafiya a ƙasa zai san tana zuwa.

Mutumin ya ji daɗin tambayar. Ya ce idan tana tafiya a hankali tana fitar da wani ɗan sauti don masu tsallakawa. "Amma wannan ba komai ba ne, Yallaɓai. Tana da ido a gaba. Ko yaro ne ya ɓullo a guje, kafin ƙafarka ta kai birki ita ta riga ta tsaya. Ko gyangyaɗi kake yi."

Da muka koma Eloy ya fita, ya zagaya motar, ya tsaya yana kallon tayar baya kamar akwai abin karantawa a jikinta. Mutumin ya ba ni katinsa. Muka fita, muka tarar da Fidel yana barci a motarsa, muka koma gida. Kwanaki da yawa Eloy bai ɗauki wayar ba. Ni ma ban tayar da zancen ba.

Wuri na biyu ƙarami ne, na motocin da aka ɗan hau. Wata mata ce a wurin, sa'ata ko ta ɗan girme ni, sunanta Verlinda. Ba ta da yawan murmushi. Motoci biyu masu lantarki ne a hannunta: wata ƙarama ja, mai sauƙin kuɗi, da wata ruwan toka mai babban batir, wadda aka ɗan ƙuje ta a ƙofar baya. Ta ce kafin mu ɓata wa juna lokaci mu faɗa mata inda za mu riƙa zuwa, don motar zuwa kasuwa daban, ta dogon zango daban. Eloy ya faɗi sunan garin.

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Asabar kuke zuwa ko Lahadi?"

Na ce Asabar.

Ta ce ƙanenta ya yi shekara shida a can, ita ce mai zuwa, ta san kowane rami a hanyar. Ba ta tambaye mu wane ne namu ba, ba ta tambayi abin da ya yi ba. Ta dai ɗora hannu a kan jar motar ta ce mu manta da ita. A takarda za ta kai ɗan garin nan na tsakiya, amma takarda ba ta san iskar filin nan ba. Ranar da iska ta taso ta gaba, ko aka yi sanyi, za mu tsaya a gefen titi muna kallon shanu. Ta ce a farfajiyar gidan yarin babu inda za mu jona, kuma kada mu ce sai mun fito za mu nemi caji. Mu cika ta tun a hanya, ko da zai sa mu makara.

"In kun fito daga wurin nan ba za ku so tsayawa neman komai ba, Madam. Za ku so ku shiga mota ku rufe ƙofa."

Ni na tuƙa mai ruwan tokar, Verlinda a gefena, Eloy a baya. Rabona da sitiyari an daɗe. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta rage gudu da kanta, kamar an riƙo ta ta baya. Verlinda ta ce haka take, zan saba, cajin ma take mayarwa. Babu ƙarar inji, har numfashin Eloy nake ji. Da muka dawo ta tambaye ni ko launin ya yi mini, don wasu ba sa son ruwan toka. Na ce ko wanne ne. Muka sa hannu a takardu, na tuƙo mu gida, Fidel yana biye da mu yana danna mana oda a kowace kwana.

Mai gyaran wuta ya zo ya kafa akwatin caji a jikin bangon rumfar mota. Da yamma Eloy kan fita ya tsaya yana kallon koren hasken da ke ƙiftawa. Ya koyi komai na motar, yadda ake buɗe murfin caji, yadda ake sa ta tsaya a kashi tamanin, wace manhaja ce ta wane kamfani. Kujerar direba ce kawai bai taɓa zama a kai ba.

Asabar ɗin da za mu fara tafiya na tashi da wuri, na naɗe ƙwai da koren barkono a cikin gurasa, abin da muke kira burito, na zuba sulalla a farar leda saboda injin sayar da kayan ƙwalama na ɗakin ziyara. Na ɗauka rakiya Eloy ya fito yi mini. Sai na ga ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna.

"Ba ki iya cajin ba," ya ce.

Na ce haka ne.

Har muka wuce Santa Fe komai yana tafiya yadda ya lissafa. Da muka sauka fili sai iska ta taso, irin wadda ke tura busassun ƙayoyi suna birgima a kan kwalta. Lambar cajin da ke allon ta fara sauka fiye da yadda ya kamata. Eloy ya zuba mata ido. Ya ce in rage gudu, na rage. Ya kashe esi. Manyan motoci suka riƙa wuce mu suna girgiza mu. Lokaci-lokaci Eloy yakan faɗi lambar da ƙarfi, kamar ba na ganinta. Talatin da ɗaya. Ashirin da shida. Na yi tunanin ya kamata in ji tsoro, na nemi tsoron a jikina ban same shi ba. In ta tsaya, ta tsaya.

Ba ta tsaya ba. Muka shiga ɗan garin da saura kaɗan. Na'urorin cajin suna bayan wani shago, guda huɗu. Biyu an rufe kawunansu da baƙar leda. Ta uku Eloy ya jona, ta yi ƙara, ta nuna jan rubutu, ya cire ya sake, haka dai. Ta huɗun wasu masu zuwa hutu ne a kai, mata da miji da 'yan mata biyu, kekuna ɗaure a bayan motarsu. Muka ja gefe muka jira.

Mijin ya zo ya leƙa tagarmu, ya ce sun kusa gamawa. Da ya ji wannan ce tafiyarmu ta farko sai murna ta kama shi, ya ce mun shigo dangi, ba za mu sake komawa fetur ba. Ya tambayi inda muka nufa. Eloy ya ce kudu. Ya ce akwai kogunan dutse masu kyau a can, kada mu kuskura mu dawo ba mu shiga ba. Muka ce to. Da suka gama shi ya taya Eloy da manhajar, don ta ƙi karɓar katinmu sai a karo na uku. 'Yan matan suka ɗaga mana hannu ta gilashin baya.

Muka zauna a mota muka ci burito, ya riga ya huce. Lambar tana hawa da sauri da farko, daga baya ta koma tafiyar hawainiya. Na dubi agogo na ce mu tafi haka. Eloy ya ce matar nan ta ce mu cika. Muka cika.

Mun iso an ci fiye da rabin lokacin ziyara. Na san tsarin, Eloy bai sani ba, don haka ni na riƙa gaya masa: cire bel, cire takalmi, waya da makulli a akwati, ɗaga hannu. Ya yi duk abin da aka ce. Gandiroban ya duba katinsa ya duba fuskarsa, ya buga mana tambari a bayan hannu. Aka nuna mana tebur kusa da bango.

Leandro ya fito an aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo. Ya hango ni ya fara murmushi, sai ya ga wanda ke gefena, ya tsaya cak har gandiroba ya ce masa ya wuce. Rabonsu da juna tun ranar kotu, kuma ko a ranar ba su yi magana ba. Ya rungume ni. Ya miƙa wa babansa hannu, suka gaisa kamar waɗanda aka haɗa a wurin jana'iza.

Muka zauna. Na tambaye shi abinci, ya ce da sauƙi. Barci fa, ya ce da sauƙi. Akwai wani yanka a bayan hannunsa da ya fara warkewa, na gani, ya ga na gani, ya mayar da hannun ƙarƙashin tebur. Na tashi na sayo masa lemo da biskit a injin. Na dawo na ajiye a gabansa.

Leandro ya ce, "Baffa Fidel yana waje?"

Eloy ya ce, "Mota muka saya."

"Wace iri?"

Eloy ya faɗa masa. Leandro ya ɗago kai. Kafin abin ya faru a shagon taya yake aiki, kuma tun yana ƙarami babu motar da za ta wuce bai faɗi sunanta ba. Ya tambayi shekararta, da girman batirin, da ko tayoyin baya ne ke janta ko duka huɗun. Eloy ya amsa. Ya ba shi labarin iskar, da yadda lambar ta riƙa zubewa, da na'urorin da aka rufe da leda. Leandro ya ce a duba iskar taya, motocin nan suna da nauyi, suna cin taya kamar me. Ya ce kafin mu taso mu riƙa sanyaya cikinta tun tana jone a gida, kada mu ci daga batir. Eloy ya ce ya karanta haka. Suka yi gardama kaɗan a kan ko cikawa har ɗari tana lalata batir. Na zauna ina kallon bakunansu suna motsi. A teburin da ke kusa da mu wata yarinya tana kuka, mijinta yana kallon silin.

Can Leandro ya juya gwangwanin lemon a hannunsa ya ce, "Tana da birkin nan mai kama kansa?"

Eloy ya ce, "Tana da shi."

Leandro ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da gyaɗawa a hankali, idonsa a kan tebur. Eloy ya ɗauki ledar biskit ɗin ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, har ta ƙi ninkuwa. Na san akwai abin da uwa ya kamata ta faɗa a nan.

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Da muka miƙe Leandro ya tambayi launin motar. Na ce ruwan toka.

"Haba Mama. Duk launukan duniya."

Na ce ita ce ke akwai.

Muka fito rana ta karkata. Motar ta yi ƙura har ba a gane ƙujewar ƙofar. Muka shiga muka rufe. Na daɗe riƙe da sitiyari ban taɓa komai ba, Eloy bai ce in yi sauri ba. A komawa iskar tana bayanmu, lambar ta riƙa sauka a hankali. Muka sake tsayawa a ɗan garin, babu kowa a wurin cajin, Eloy ya jona ta a karo ɗaya. Ya shiga shagon ya sayo mana kofi, muka sha, bai da daɗi.

Ranar Lahadi muka je coci da sassafe. Litinin na koma kicin ɗin makaranta, aka tambaye ni yadda sabuwar mota take, na ce tana tafiya.

A tsakiyar mako wayar gida ta yi ƙara ina wanke-wanke. Na goge hannu na ɗauka, muryar na'urar nan ta ce kira ne daga wani ɗaurarre, in danna lamba in na yarda. Na danna. Leandro ya gaishe ni, ya tambaye ni aiki, na ce lafiya. Sannan ya ce, "Baba yana kusa?"

Na miƙa wa Eloy. Ya karɓa a tsaye, ya juya mini baya. Na ji yana cewa da sauran caji kashi sha tara muka iso gida, e, sha tara, kuma ya duba tayoyin, ta hagu ta baya ce ta ɗan yi ƙasa. Na koma wurin tukunyar. Waken ya kama a gindinta, sai da na jiƙa ta.